Minti Arba'in a Littafi na Tara

Litinin, 3 ga wata, bayan La'asar

Yau an zo an auna ni kamar gona. Wata malamar jami'a ce, ba za ta girmi 'yata ta uku ba, da gilashi a ido da jaka mai nauyin jariri. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ce bincike take yi a kan rabon gado, kuma an ce mata duk garin nan babu wanda ya raba gidajen mamata kamar ni. Na ce ai ba abin tutiya ba ne. Shekara arba'in da ɗaya ina shiga gida bayan an fita da mai shi, har yara in sun hango ni da littafi a hammata sai su tambayi juna wa ya mutu.

Na tambaye ta me ya rage a bincika a abin da Allah ya yanka da kansa. Ta ce ba rabon ba, Baba, abin da ke kewaye da rabon. Wai a da, da lissafi masu rubutu suke kokawa, wa ke da sudusi, wa ke da sumuni. Yanzu hankali ya koma kan dukiyar da ke cikin waya, da hannun jari, da mutumin da inji ke yi wa numfashi a asibiti, yaushe za a ce ya cika. Ita nata ɓangaren waɗanda suka mutu tare ne, a mota ko a ruwa ko gini ya rufta musu. Tana ɗaukar abin da masu rabo suka rubuta, ta je ta gwada shi da lokacin da asibiti ya rubuta.

Na ce Allah ya taimaka. Na ba ta littattafaina goma sha ɗaya.

Sha biyu ne.

Talata, 4 ga wata, da hantsi

Ƙafa ta kumbura. Ban fita ba.

Laraba, 5 ga wata, bayan Azahar

Malama ta dawo. Ta ce daga na takwas littattafan sun yi tsalle zuwa na goma. Na ce na tara gara ta cinye shi. Ta buɗe littafinta ta rubuta "gara", ina kallo. Ban taɓa ganin an rubuta ƙaryata da kyakkyawan rubutu haka ba.

Ta nemi in faɗa mata ƙa'idar da bakina, ta kunna abin ɗaukar magana. Na gyara zama, don wannan karatun ko a barci aka tashe ni zan kawo shi. Mai rai ke gadon matacce. Uba da 'ya suka mutu a mota ɗaya, in an san uban ya riga, ko da numfashi guda ne, to 'yar ta gaje shi, rabonta kuma ya gangara ga 'ya'yanta. In ba a san wanda ya riga ba, babu mai gadon wani, sai a nemi wanda ke raye a dangin uban a miƙa masa. 'Ya'yan 'ya mace kuwa ba su da hanya zuwa dukiyar kakansu sai ta kan uwarsu. In ta faɗi, gadar ta karye.

Ta ce me ya sa na ɗauki misalin uba da 'ya. Na ce shi ne ya zo baki.

Kakata da ta rene mu da tatsuniya, in ta kai wurin da ba ta son faɗa sai tari ya sarƙe ta, ta aiki ɗayanmu ɗebo ruwa. Kafin a dawo, labari ya tsallake rafi ya bar mu a wancan gefe. Mun girma kafin mu gane lafiyar ƙirjinta ƙalau.

Juma'a, 7 ga wata, da yamma

Babban ɗana ya zo gaisuwa. Injiniya muke ce masa, ba don ya karanta ba, don tun yana yaro yake kwance rediyo ya kasa mayarwa. Tayil na daɓen ɗaki yake sayarwa. Yana gaishe ni idonsa na kan bango, yana lissafin shago nawa za su fita in an fasa zauren ta bakin titi. Ya ce ba yanzu ba, Baba, Allah ya ƙara nisan kwana. Na ce amin, amma ka daina auna ni tare da katangar.

Gidan nan Yaya ne ya gina shi, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaki huɗu a gabas, uku a yamma, rijiya a tsakiya da bishiyar lemon da ba ta taɓa yin abin kirki ba. Shekara ashirin da shida ke nan da na shigo da iyalina. Ɗakin ƙarshe na yamma kwanuka muke zubawa da tsofaffin tabarmi. Ni ba na shiga, ƙura na tayar mini da tari.

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

Ƙofar gida ta saki, tsohuwa, wato matata, ta aika aka kira mai walda. Jikan Yaya ne, ɗan 'yarsa tilo. Yana da shekara huɗu uwarsa ta rasu, mahaifinsa ya bi ta bayan 'yan shekaru, ba ƙane ba ƙanwa. Yanzu magidanci ne mai 'ya'ya uku.

Yana shigowa ya ce, "Kaka, har yanzu kana nan ka tare mini mata? Ka sake ta mana in huta."

Tsohuwa ta ce ita ba ta auren mai warin ƙarfe. Aka yi dariya, har da ni.

Yana aiki yana ba ta labari, ni ina jinsu daga inuwa. Mai gidan da yake haya ya sayar, an ba su zuwa ƙarshen wata mai zuwa. Ya duba wurare uku, duk ɗaki ɗaya ne, matarsa kuma ga ciki. Ya faɗa kamar mai ba da labarin ruwan sama. Da ya gama na miƙa masa hannu da ɗan abin da ya samu, ya noƙe, ya ce a gidan kakansa ba a biyansa.

Gidan kakansa. Haka ya ce, bai nufi komai ba.

In ya sunkuya, wuyan uwarsa ne sak.

Lahadi, 9 ga wata, bayan Asuba

Gara. Da bakina na ce gara.

Litinin, 10 ga wata, bayan La'asar

Na dawo daga karɓo maganin ƙafa, na ɗaga katifa inda na ɓoye na tara, babu komai sai tsohuwar takardar wuta. Na tambayi tsohuwa. Tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce yarinyar nan mai bincike ta zo ba na nan, ta ga tana ta cigiyar littafi, ita kuma ta gaji da kwana a kan tudu, sai ta ba ta.

Na ce kin san abin da kika yi? Ta ce ita ba ta iya karatu ba, Malam, ta ina za ta sani.

Shekara hamsin da aure. In ta kira ni Malam da wannan muryar, na san in nemi wurin zama.

Talata, 11 ga wata, da rana

Ba ta zo ba.

Laraba, 12 ga wata, da rana

Ba ta zo ba. Na ci abinci don kar a tambaye ni.

Alhamis, 13 ga wata, kafin Azahar

Ta zo. Ba ta ambaci gara ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ajiye littafin a gabana, ta buɗe shafin da ta sa wa tsinke, ta ajiye wata takarda kusa da shi, hoton shafin rajistar asibiti.

Rubutuna ne, lokacin hannu bai fara rawa ba: "Sun rasu tare a hatsarin mota, ba a san wanda ya riga ba. Gida ya koma ga ɗan'uwan mamaci shaƙiƙi." A ƙasa sa hannun mai rabo. Ɗan'uwan da mai rabon, in aka kira su, mutum ɗaya ne zai amsa.

Takardarta kuwa ta ce uban ƙarfe huɗu da minti goma, 'yar ƙarfe biyar saura minti goma.

Na yi abin da na iya. Na ce malamai sun bambance rai tabbatacce da motsin abin da aka yanka. Rago ma in an yanka shi yana shure-shure, ba a ce yana raye. Mutum zai iya kasancewa kwance ƙirji na ɗagawa alhali ya riga ya tafi, ma'aikacin asibiti kuma sai ya gama shan shayinsa yake duba agogo. Ta gyaɗa kai, ta ce haka ne, wannan ma shi ne babin da ake ta rubutu a kai yanzu, kuma takardar asibiti ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Sai dai in majinyacin ya yi magana da hankali, ko ya nemi abu ya sha. Nan kam babu saɓani.

"Baba, akwai wanda yake wurinta?"

"Ni."

"Ta yi magana?"

Tari ya sarƙe ni. Ta tashi da kanta ta ɗebo mini ruwa, ta tsaya har na sha. Amma labarin yana nan inda muka bar shi.

Da za ta tafi ta ce in kwantar da hankalina, ita ba alƙali ba ce. A littafinta babu sunan kowa, lamba take sa wa. Mu ne lamba arba'in da ɗaya. Za ta rubuta cewa ba a tabbatar ba, shi ke nan, babu mai ji daga bakinta.

Da ta yi mini barazana, da na san yadda zan yi da ita.

Juma'a, 14 ga wata, da yamma

A masallaci wani ya tare ni, mahaifinsu ya rasu, suna so in zo in raba. Na ce ido ya mutu, su nemi wani.

Lahadi, 16 ga wata, da hantsi

Minti arba'in. Na sa agogo a gaba na zauna in ga tsawonsu. Mai sayar da gawayi ya wuce, ya dawo. Tsohuwa ta wanke kwanuka ta kife. Kaza ta shiga zaure aka kore ta sau biyu. Har na gaji, na duba, saura minti goma sha ɗaya.

Litinin, 17 ga wata, bayan Azahar

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da ido.

Ranar ruwa ake yi. Yaya ya ɗauki 'yarsa zai mai da ita gidan mijinta, ta zo duba shi ta bar yaron wurin kakarsa ta wajen uba. Babbar mota ta same su a kwana. Ni kaɗai aka samu a dangi, na isa asibiti rigata sharkaf. Ni na ja wa Yaya mayafi ya rufe fuskarsa. Daga nan na bi dogon barandan nan zuwa ɓangaren mata, ina tafe ina zamewa a kan siminti.

Tana kwance kusa da taga, ɗan kunne ɗaya babu.

A lokacin ɗaki biyu nake haya da 'ya'ya bakwai. In ruwa ya sauko, kwanuka muke jerawa a tsakar ɗaki. Ba hujja nake kawowa ba, lissafin ɗakuna kawai nake yi. Matar Yaya ta riga shi rasuwa, don haka rabin gidan nawa ne ko ta wace hanya, halak malak, 'ya mace tilo rabi take ɗauka, saura na ɗan'uwa. Rabi ya ishe ni. Da aka zauna, dangi suka ce wa zai raba in ba kai ba. Aka ce ai tare suka tafi, ko? Mijinta na gefe da yaro a cinya, ko ɗaga kai bai yi ba. Ba wanda ya tambaye ni komai. Ban yi ƙarya da baki ba, alƙalami ne ya tafi, na bi shi.

Na ce zan rubuta abin da ya faru kusa da taga. Gobe.

Talata, 18 ga wata, da rana

Ƙafa.

Laraba, 19 ga wata, bayan La'asar

Tsohuwa ta same ni a gindin lemo ta zauna, abin da ba ta saba ba. Ta ce yau shekara ashirin da shida tana kallona ina zagaye ɗakin 'yar Yaya, na ƙarshen yamma, kamar akwai rami a ƙofarsa. Duk abin da aka dafa mai kyau sai na ce a kai wa yaronta. Kuma ranar da na dawo daga asibiti, ita ta wanke rigata, ta tarar da hankicina a aljihu, kusurwa ɗaya a tattaune.

"Matacce ba ya tsotson hankici, Malam."

Na ce me ya hana ki magana tuntuni? Ta ce 'ya'ya bakwai, da kwanuka a tsakar ɗaki. Ta ce ita ma ta kwana a gidan nan, ba ni kaɗai ba. Amma yanzu ta fara jin ƙafafunta na sanyi, kuma ba ta son a tambaye ta a inda ba a tari.

Muka zauna. Lemo ɗaya ya faɗo, ƙanƙane, duk tsutsa.

Juma'a, 21 ga wata, da yamma

Na faɗa wa Injiniya. Ban yi masa tatsuniya ba, na ba shi a dunƙule: rabin gidan nan na mai walda ne, ta kan uwarsa, tun yana ɗan shekara huɗu.

Ya yi dariya tukuna, ya ɗauka tsufa ne. Da ya ga uwarsa ba ta yi ba, sai ya miƙe. Ya ce wa ya sani? Na ce ni. Ya ce ban da kai? Ya ce mu bakwai ne, Baba, ga jikoki, gida ɗaya ne ka mallaka a duniya, sai yanzu da ka ga kabari za ka wanke kanka da rabonmu? Ya ce in tausayi ne, a ba shi ɗaki ɗaya ya zauna kyauta har ya samu wuri, shi ba zai hana ba.

Maganarsa akwai inda ta taɓa. Ni na ci, su za su biya. Na ce masa ba rabonku ba ne, bai taɓa zama ba, ni ne na bar ku kuna auna bangon wani.

Ya fita bai yi sallama ba. Ƙofar da aka gyara ta riƙe, ba ta saki ba.

Asabar, 22 ga wata, da hantsi

'Yata ta biyu ta bugo, tana kuka. Ta uku ta bugo, ba ta kuka, ta fi zafi. Auta ya ce a kai ni asibiti a duba kaina.

Lahadi, 23 ga wata

Ba kowa.

Litinin, 24 ga wata, bayan Azahar

Na je shagon. Rumfar kwano ce a bayan tashar mota, ƙofofi da tagogi jingine ko'ina, ƙasa baƙa ƙirin. Yana tsugune yana haɗa ƙyauren wani. Da ya gan ni ya kashe inji, ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi, ya ce yau ango ya biyo sawun abokin takararsa har wurin aiki? Ya goge mini benci da hular kansa.

Na ce zauna, ba wasa ya kawo ni ba.

Na faɗa masa tun daga ruwan sama. Na faɗa masa mayafin, da barandan, da tagar. Uwarka ta buɗe ido ta gane ni, ta ce Baffa. Ta nemi ruwa, ma'aikaciya ta ce kar a ba ta, na jiƙa bakin hankici na sa mata ta tsotsa. Ta tambayi mahaifinta, na ce yana nan ana duba shi, alhali da hannuna na rufe shi. Ta rayu bayansa minti arba'in, da hankalinta. Ta gaje shi, kai ka gaje ta. Ni na rubuta ba haka ba, na shiga gidan da iyalina. Rabi naka ne.

Ban taɓa ba da labari gajere haka ba.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da ba zai fita ba. Maƙwabcinsa mai faci ya leƙo zai ari wani abu, ya ga fuskokinmu, ya koma. Ina jiran ya tambayi ɗaki nawa, ko ya zage ni, na shirya wa duka biyun.

"Kaka, ta ambace ni?"

Wallahi kafin ya rufe baki labarin ya riga ya haɗu a harshena, da kansa da ƙafarsa. Ta kama hannuna, ta ce Baffa ga amanar yarona. Har muryar da zan faɗa da ita na ji. Babu mai ƙaryata ni a duniya, wadda za ta iya tana ƙasa. Kuma da ya ji daɗi har ya mutu.

Na ce, "A'a. Ruwa ta nema, ta tambayi babanta. Sai ta ce in gaya masa kar ya damu da motar. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba."

Ya sauke gilashin ya rufe idonsa. Ya kunna inji, ya koma kan ƙyauren, ya yi ta zuba wuta a wurin da na ga ya riga ya haɗe. Ina zaune tartsatsi na faɗowa kusa da takalmina, ban janye ba.

Da ya kashe, bai ɗaga gilashin ba.

"Da ka ce ta ambace ni, da na bar maka gidan. Wallahi da na bar maka."

Na ce na sani.

Ya ce ranar Alhamis zai zo da mai awo.

Talata, 25 ga wata, da hantsi

Na aika wa Malama ta gyara lamba arba'in da ɗaya. An tabbatar.

Alhamis, 27 ga wata, bayan La'asar

Sun zo. A 'ya'yana babu wanda ya leƙo. Tsohuwa ta kwashe kwanuka daga ɗakin yamma tun da safe, ta share, ta zauna a bakin ƙofarmu da carbi.

Mai awo ya buga ƙusa a gindin katanga, ya ɗaura igiya, ya ce wani ya riƙe ɗaya bakin a ja ta tsakar gida. Na karɓa. Hannuna na rawa, igiyar na rawa, ya kasa ɗaukar layi. Ya ce Baba ba wa wani ya riƙe mana, ka je ka huta.

Mai walda ya ce a bar shi, Kaka ne zai riƙe.